Arthur Lucan: Namijin da Ya Rayu Cikin Mayafin Tsohuwa Riley

Daga cikin 'yan wasan barkwanci da suka yi tashe a ƙasar Ingila kafin yaƙin duniya na biyu da kuma cikinsa, da wuya a sami wanda talakawa suka ƙaunata, manya kuma suka raina, kamar Arthur Lucan. Shi dai namiji ne, haifaffen karkarar Ingila, amma ya shafe shekara arba'in da 'yan kai yana cin abinci da shigar tsofaffin mata. Wadda ta fi fito da shi ita ce wata tsohuwa mai wankau 'yar ƙasar Ailan, mai kaifin baki da saurin hannu, wadda ake kira Tsohuwa Riley. Da sunanta ya yi finafinai 15 daga shekarar 1937 zuwa 1952. Masu sharhi a jaridun Landan ba su ɗauki waɗannan finafinai a bakin kome ba, kuma a wajen kyan tsari da ɗaukar hoto suna da gaskiya. Sai dai wanda ya natsu ya dubi abin da tsohuwar nan take faɗa a kansa, da waɗanda take faɗan da su, zai ga cewa a cikin shiriritar akwai maganar gidan haya, da rashin aiki, da tsadar abinci, da raini tsakanin mai shi da maras shi, watau abubuwan da finafinan da ake girmamawa a wancan zamani suka fi kauce wa.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haife shi ran 16 ga watan Satumba, 1885, a wani ƙauye da ake kira Sibsey a lardin Lincolnshire da ke gabashin Ingila. Sunansa na yanka Arthur Towle. Mahaifinsa, Thomas Towle, mai kula da dawaki ne, shi kuma Arthur shi ne na uku a cikin 'ya'ya bakwai. Yana ƙarami iyalin suka koma Boston, garin kasuwa da ke kusa da su, wanda ba shi ne Boston ta Amurka ba. A nan ne mahaifin ya rasu ya bar uwa da tarin yara, abin da ya tilasta wa Arthur neman na kansa tun bai yi ƙwari ba. Ya sami 'yan aikace-aikace a wani zauren wasanni na garin mai suna Shodfriars, yana shara, yana sayar da takardun jerin wasanni, yana kuma leƙen abin da ake yi a kan dandali. Da ya kai wajen shekara 14 sai ya bar gida, ya shiga yawon wasa a garuruwan bakin teku inda ma'aikata kan je hutu, har ya sami shiga wata ƙungiyar iyali ta masu kiɗa da barkwanci da ake kira Musical Cliftons. Tare da su ya ƙetara zuwa Ailan.

Zaman Ailan ne ya sāke masa kome, har suna. Lucan sunan wani gari ne a gefen birnin Dablin, ya kuwa ɗauke shi don masu kallo su zaci shi nasu ne. A nan ya koyi karin harshen matan lungunan Dablin, da yadda suke ɗaure mayafi, da yadda suke rigima a bakin ƙofa. A shekarar 1910 ya fito a wani wasan Kirsimeti a Dablin a matsayin kaka, wata yarinya kuma 'yar shekara 13 mai suna Kitty McShane ta fito a matsayin jikar. Bayan shekara uku, watau a 1913, suka yi aure, yana da shekara 28, ita kuwa 16. A 1915 suka haifi ɗansu guda, Donald.

Al'adar da Ya Tarar

Ya kamata mai karatu ya san cewa ba Lucan ne ya ƙago fitowar namiji a siffar mace a dandalin Ingila ba. A zamanin Shakespeare ba a yarda mace ta hau dandali ba, samari ne ke fitowa a matsayin mata, sai a 1660 aka sassauta. Bayan mata sun sami shiga, maza ba su saki rigar gaba ɗaya ba, sun riƙe ɓangare guda, watau na tsohuwa mai ban dariya. A wasan Kirsimeti da Turawan Ingila ke kira fantomaim, wanda ake kai yara kallo kowace shekara, ƙa'ida ce namiji ya fito a matsayin uwar jarumi, budurwa kuma ta fito a matsayin jarumin. Dan Leno, wanda ya rasu a 1904, shi ne gwanin gwanayen wannan fage, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin da aka fi sani a irin wasan, uwar Aladdin, ita ma mai wankau ce. Abin yana da 'yar kama da tashe a ƙasar Hausa, inda yaro kan manna gemun auduga ya zama tsoho, yarinya kuma ta zura riga da hula ta zama maigida, kowa ya san wasa ne, ba wanda ya ruɗe. Saboda haka kuskure ne a ɗauki Lucan a matsayin ɗan daudu. Ba ya rausaya, ba ya kwalliya, ba ya neman a ce ya yi kyau, in ya sauka daga dandali kuma mutum ne mai kunya, maras yawan magana, sanye da kwat irin ta kowa.

Wannan bambanci yana da nauyi a Ingila ta lokacin. A shekarar da aka haife shi, 1885, aka yi dokar da ta tsananta hukunci a kan mu'amala tsakanin maza, ba a kuwa sassauta ta ba sai a 1967, bayan mutuwarsa da shekara 13. Namijin da ya yi shigar mace a titi yana iya kwana a hannun 'yan sanda. Amma wanda ya yi shigar tsohuwa mummuna a kan dandali, sarki ma yana zuwa kallonsa.

Haka kuwa aka yi. Lucan da Kitty sun daɗe suna yawo da wani ɗan gajeren wasa mai suna Bridget's Night Out, wanda ya nuna uwa zaune cikin dare tana jiran 'yarta da ta fita da saurayi ba ta dawo ba. Uwar na duban agogo, tana mita, tana saƙa mugun abin da zai iya samun yarinyar. Da ta dawo sai faɗa ya kaure, har a farfasa kwanonin tangaran na gidan kaf. Sun yi yawon wasa har Ostareliya da Niyu Zilan, amma sai a 1934, bayan shekara 20 da 'yan kai ana fama, aka gayyace su su yi shi a gaban Sarki George na Biyar a babban gidan wasa na Palladium a Landan. Lucan yana dab da shekara 50 a lokacin. Daga nan ƙofar fim ta buɗe.

Finafinan

Akwai dalilin da ya sa masu shirya fim suka neme shi, ban da gwanintarsa. A 1927 Majalisar Ingila ta yi doka cewa dole kowane gidan sinima ya nuna wani kaso na finafinan gida, don kada na Amurka su cinye kasuwa. Kason ya fara daga 5 cikin 100, ya hau har 20 cikin 100 a tsakiyar shekarun 1930. Wannan ya haifar da ƙananan kamfanoni masu yin fim cikin 'yan makonni da kuɗi kaɗan, kuma ba abin da ya fi musu sauƙi kamar su ɗauko ɗan wasan da ya riga ya yi suna a dandali su ajiye shi gaban na'ura. Kamfanin Butcher's ne ya fara da shi. A 1936 aka saka wasan Bridget a cikin wani fim na haɗe-haɗe, a 1937 kuma aka yi fim na farko mai sunan Tsohuwa Riley, Oswald Mitchell ya ba da umarni, Con West ya rubuta labarin. Kitty ta fito a matsayin 'yar tsohuwar, kuma haka ta ci gaba da fitowa, tana budurwa mai jiran miji, har ta haura shekara 50.

Abu guda ya raba waɗannan finafinai da sauran na barkwanci da namiji ke shigar mata a cikinsu, kuma a kansa duk sauran bayani ya rataya. A wasan Charley's Aunt na 1892, wanda aka sha mayarwa fim, ɗalibi ne ke shigar gwaggo don ya taimaki abokansa. A Some Like It Hot na 1959 makaɗa biyu ne ke ɓuya cikin ƙungiyar mata don tsoron 'yan ta'adda. A Tootsie na 1982 ɗan wasa ne da ya rasa aiki. A duk waɗannan labarin kansa ya san namiji ne a cikin rigar, dariyar kuma tana fitowa daga fargabar kada asiri ya tonu, a ƙarshe a tuɓe gashin kanti namiji ya koma namijinsa, ya ce ya koyi wani abu game da wahalar mata. A finafinan Lucan babu asirin da zai tonu. Tsohuwa Riley mace ce daga farko har ƙarshe, gwauruwa, uwa, mai wankau. Ba ta da wata rayuwa ta namiji da za ta koma in an gama. Bashin da ake bin ta nata ne, korar da aka yi mata daga aiki ita aka yi wa. Abin da jikin namiji ya ƙara mata shi ne ƙarfi da rashin tsoro: tana iya tsalle ta haye tebur, ta shaƙe ɗan sanda, ta faɗo daga bene ta miƙe, abubuwan da ba a yarda 'yar wasa mace ta yi ba a lokacin. Lucan siriri ne, mai dogayen hannuwa da ba sa tsayawa wuri guda, in tsohuwar ta fusata sai su yi ta wulwulawa, baki kuma na zuba, tana karya manyan kalmomin Turanci na lauyoyi da alƙalai tana mayar musu da su a karkace.

Fim ɗin da ya fi fito da siyasa fili shi ne na 1939, Old Mother Riley, MP, watau Tsohuwa Riley 'yar majalisa. An kore ta daga gidan wankin da take aiki, sa'an nan ta ji cewa mai gidan wankin, wanda kuma yake neman kujerar majalisa, yana shirin rushe unguwarsu. Sai ta tsaya takara da shi, maƙwabta suka mara mata baya, ta kayar da shi. A majalisa ta tayar da ƙura a kan halin talakawa da marasa aiki, har aka naɗa ta minista, aka ba ta wani muƙami na ba'a, Ministar Baƙin Al'amura, wanda shaguɓe ne ga muƙamin Ministan Harkokin Waje. Da wannan muƙami ta matsa wa sarkin wata ƙasa ta ƙage ya biya bashin da Ingila ke bin sa.

In an karanta labarin haka a takarda sai a ce tatsuniya ce, amma a dubi waɗanda suka biya kuɗi suka zauna kallo. A farkon shekarun 1930 marasa aiki a Birtaniya sun kusa miliyan 3. Daga 1931 duk wanda ya daɗe ba aiki, kafin a ba shi tallafi sai jami'i ya shigo gidansa ya ƙidaya abin da kowa ke samu, har ɗan abin da ɗa ko 'ya ke kawowa, ya kuma dubi kayan ɗaki ko akwai na sayarwa. A watan Oktoba na 1936 mutum 200 daga garin Jarrow, inda aka rufe masana'antar ƙera jiragen ruwa, suka taka da ƙafa kusan mil 300 zuwa Landan don kai kuka majalisa, suka koma hannu rabbana. Rushe tsofaffin unguwanni kuwa aiki ne da gwamnati ta sa gaba tun dokar gidaje ta 1930, kuma ko da yake gidajen sun cancanci rushewa, mazaunansu sun san cewa sabon gida yana zuwa da sabon kuɗin haya da rabuwa da maƙwabta. Ta fuskar mata, sai a 1928 suka sami ƙuri'a daidai da maza, kuma a zaɓen 1935 mata 9 kacal suka shiga majalisa mai kujeru 615. Ɗaya daga cikinsu ita ce Ellen Wilkinson, wakiliyar Jarrow, wadda ta yi tattaki tare da mutanen garin. To, a irin wannan hali ne aka nuna wa ma'aikatan masaƙu da matan masu haƙar kwal wata mai wankau ta miƙe a zauren majalisa tana yi wa masu mulki tatas.

Abin lura shi ne yadda fim ɗin ya wuce hannun hukumar tace finafinai. Wannan hukuma, wadda aka kafa a 1912, ba ta son a taɓa rikicin ma'aikata da masu jari. A 1936 ta hana a mayar da littafin Walter Greenwood mai suna Love on the Dole fim, littafin da ya bayyana rayuwar marasa aiki a Salford ba tare da ɓoye kome ba. Sai a 1941, da yaƙi ya sa gwamnati ta buƙaci talaka, aka yarda. Amma tsohuwa mai hauka ta yi maganar rashin aiki a 1939 ba wanda ya tanka. Dalilin a fili yake: namiji ne cikin zane, kowa ya san wasa ne, wa zai tsaya yi wa wawa hisabi? Rigar ta zama masa garkuwa. Sai dai garkuwar nan tana da nata farashi, domin abin da ya sa aka bar maganar ta wuce shi ne kuma ya rage mata kaifi. Fim ɗin bai nuna ƙungiyar ƙwadago ba, bai ambaci jam'iyya ba, bai ce tsarin ne ya lalace ba. Mugu mutum guda ne, in an kayar da shi an gama, kuɗin gyara kuma daga aljihun wani baƙon sarki za su fito, ba daga na attajiran gida ba. Mai kallo zai yi dariya ya huce, ya koma gida ya tarar da mai karɓar haya yana jira.

John Baxter, wanda ya ba da umarnin Love on the Dole a 1941, shi ne kuma ya yi finafinan Riley uku a daidai wannan lokaci a kamfanin British National, ba kuwa abin mamaki ba ne da suka fi sauran taɓa zuciya. A Old Mother Riley in Society na 1940, Kitty ta auri ɗan masu kuɗi, uwar kuma, don kada ta kunyata 'yarta a gaban surukai, ta ɓoye cewa ita ce ta haife ta, ta shiga gidan a matsayin 'yar aiki, daga baya ma ta sulale ta ɓace cikin talauci. A nan Lucan ya nuna cewa ba faɗuwa da tsalle kaɗai ya iya ba. Akwai wuraren da tsohuwar ke yin shiru, ta sunkuyar da kai, ta gyara mayafi, mai kallo ya manta sarai da cewa namiji ne. Wannan fim ya fi na majalisar faɗin gaskiya game da bambancin aji a Ingila, domin ya nuna cewa raini ba daga sama kaɗai yake saukowa ba, talaka ma yakan ɗauke shi ya ɗora wa kansa. A Old Mother Riley in Business ta haɗa kan masu ƙananan kantuna suka yi fito-na-fito da wani babban kamfani mai rassa da ke neman haɗiye su. A na 1943, inda ta zama mai bincike, 'yan kasuwar bayan fage ta fatattaka, masu karkatar da abinci a lokacin da kowa ke sayen sukari da man shanu da kati, tsarin da aka fara tun watan Janairu na 1940. A waɗannan shekaru Lucan yana cikin 'yan wasan Ingila goma da suka fi kawo kuɗi a gidajen sinima, ga shiri a rediyon BBC, ga kuma zanen barkwanci a mujallun yara. Kasuwarsa tana arewacin Ingila da garuruwan masana'antu. Manyan gidajen sinima na tsakiyar Landan ba su cika nuna shi ba.

Akwai kuma maganar Ailan, wadda ba ta da daɗin warwarewa. Turawan Ingila sun daɗe suna yi wa mutanen Ailan ba'a a dandali da jaridu, suna nuna su a matsayin mashaya, masu faɗa, marasa wayo, 'yar aikin gida 'yar Ailan kuwa har sunan raini gare ta, Biddy, gajarcen Bridget. Tsohuwa Riley ta gaji duk wannan: tana son kwalba, tana son rigima. Kuma Bature ɗan Ingila ne ke yin ta, a shekarun da Ailan ta yi tawayen 1916, ta sami mulkin kai a 1922, ta kuma ƙi shiga yaƙi a 1939, shekarar da 'yan IRA suka tayar da bam a Coventry ya kashe mutum biyar. Duk da haka ita ce jaruma, ita ke da gaskiya, Turawan Ingila masu kwat da hula su ne abin dariya, kuma 'yan Ailan mazauna Liverpool da Manchester da Glasgow suna cikin masu cika gidajen kallonta. Inda tausayin finafinan ya tsaya cik shi ne a kan mutanen da ba fararen fata ba. Na 1951, wanda aka kai tsohuwar wani tsibiri neman dukiya, ya nuna mazauna tsibirin yadda finafinan zamanin mulkin mallaka suka saba nuna su, mutanen daji abin tsoro da dariya. Mai wankau da ta san zafin raini a Landan ba ta gane shi ba da ta ƙetare teku.

Gida da Ƙarshen Rayuwa

Faɗan uwa da 'ya da jama'a ke biya su gani, a gida ma ana yin sa, ba kuwa da wasa ba. Waɗanda suka yi aiki da su sun bar labarai masu yawa na zafin ran Kitty, da shan giyar su biyun, da almubazzarancinta, da kuma wani ɗan wasa da ta ɗauka ta fifita a kan mijinta a idon kowa. Ita ke riƙe da kuɗi da harkar kamfanin, shi kuwa ba ya iya ce mata a'a. An saba ɗora mata laifin duka, amma adalci ya sa a tuna cewa tana da shekara 16 ta auri wanda ya ba ta shekara 12, ta kuma ƙare rayuwarta tana fitowa a matsayin 'yar mijinta, ana tafa masa, ita ana cewa ba ta iya wasa ba. Abin ya kai ga cewa a fim ɗin 1951 ba a haɗa su a wurin ɗauka ba, kowa da ranarsa, daga baya aka harhaɗa hotunan. A wannan shekara suka rabu.

Fim ɗinsa na ƙarshe, na 1952, ba Kitty a ciki. An haɗa shi da Bela Lugosi, wanda ya yi suna a Amurka da fitowa a matsayin Dracula mai shan jini, ya kuma zo Ingila a 1951 yawon wasan da bai yi kasuwa ba. Tsofaffi biyu ne da zamani ya juya wa baya, kowanne sanye da rigar da ta ɗaukaka shi ta kuma ɗaure shi. Ingila ma ta sāke. Gwamnatin Leba ta hau a 1945, an kafa asibitin kyauta ga kowa a 1948, aiki ya samu, talabijin kuma ya fara shiga gidaje yana kashe gidajen wasa ɗaya bayan ɗaya. Wani shagon gyaran jiki na mata da Kitty ta buɗe a Landan ya cinye kuɗi masu yawa ya rushe, hukumar haraji kuma ta biyo Lucan bashin da ya haura fam 10,000, har aka kai shi kotun waɗanda suka karye. Yana dab da shekara 70, ba shi da zaɓi sai ya ci gaba da yawo gari gari, yana faɗuwa yana tashi a kan dandali sau biyu kowane dare, don ya biya.

Ran Litinin, 17 ga watan Mayu, 1954, yana tsaye a bayan labule a gidan wasa na Tivoli a birnin Hull, sanye da mayafi da 'yar hular tsohuwar, yana jiran a kira shi, sai ya yanke jiki ya faɗi. Zuciya ce ta tsaya. Yana da shekara 68. Wanda aka tanada don ya riƙa tsaya masa ya sa kayan ya fita, aka yi wasan daren. An binne Lucan a maƙabartar gabas ta Hull. Kitty ta ɗauki Roy Rolland suka ci gaba da yawo da sunan Tsohuwa Riley na ɗan lokaci, ta rasu a 1964.

Finafinan sun daɗe ana nuna wa yara su a sinima ranar Asabar da safe. A 1982 Alan Plater, marubucin da aka haifa a Jarrow ya kuma tashi a Hull, ya rubuta wasan kwaikwayo a kan zaman Lucan da Kitty, aka nuna shi a talabijin a 1985, a 2014 kuma Robert Kenny ya fitar da cikakken tarihin rayuwarsa. A wannan shekara ta 2014 ne aka yi fim ɗin Mrs Brown, wata gwauruwar Dablin mai kaifin baki wadda namiji, Brendan O'Carroll, ke fitowa a matsayinta, tana kare rumfarta ta kasuwa daga masu son rushe wurin da wani ɗan siyasa da ke mara musu baya. Mahaifiyar O'Carroll, Maureen, uwar 'ya'ya da yawa ce daga unguwannin ma'aikata na Dablin, kuma ta ci kujerar majalisar Ailan a ƙarƙashin jam'iyyar Leba a zaɓen da aka yi ran 18 ga watan Mayu, 1954, kashegarin rasuwar Lucan.